Yini ɗaya a gidan jinka na gundumar Clare: sharhi a kan yawon camfe-camfen karkarar Ayilan

A gundumar Clare, da ke gaɓar yammacin Ayilan, akwai iyalan da suka gyara tsofaffin gidajen jinka na kakanninsu suka mayar da su wurin karɓar baƙi, suna nuna musu yadda aka yi zaman karkara kafin wutar lantarki ta iso. Ɗaya daga cikinsu yana shirya yawon yini guda a kan camfe-camfen sa'a da tsofaffin al'adun cikin gida, kuma shi na bi a makon farko na watan Mayu. Ba zan kama sunan gidan ba, domin ƙaramar sana'a ce ta uwa da ɗanta, kuma a cikin abin da zan faɗa akwai wanda ba yabo ba ne. Tsarin shi ne ƙaramar bas ta kwashi mutum 12 daga Ennis, babban garin gundumar, da hantsi, ɗan yana tuƙi yana bayani, a leƙa wuri ɗaya, a sauka a biyu, sannan a ƙarasa gidan, inda uwar, dattijuwa da ta haura shekara 70, take jira da wuta a murhu. Kuɗin ya yi daidai da abin da mutum zai kashe a cin abincin dare a matsakaicin gidan abinci na Dublin, kuma a cikinsa har da shayi da burodi. Rabin yinin na biyu ya biya wannan kuɗi har da riba, rabin farko kuwa gaggawa ce ta cinye shi.

An fara da bishiyar Latoon, wadda ita ce ta fi kowace bishiya suna a gundumar. Wata ƙaramar bishiya ce mai ƙaya da ke fitar da farin fure a watan Mayu, da harshen Ayilan ana ce wa irinta sceach, kuma idan ta tsiro ita kaɗai a tsakiyar fili mutanen karkara suna ɗaukar ta ta mutanen ɓoye ce, ba a sare ta, ba a karya reshenta, ba a shiga gida da furenta. A shekarar 1999, lokacin da ake shimfiɗa babbar hanyar da ta haɗa Limerick da Ennis, mai ba da labaran gargajiya Eddie Lenihan ya tashi tsaye ya ce wannan bishiya matattarar mutanen ɓoye na lardin Munster ce idan za su fita yaƙi da na Connacht, kuma sare ta zai jawo haɗurra a hanyar. Maganar ta shiga jaridu har Amurka, daga ƙarshe aka tsara aikin yadda bishiyar za ta tsira, aka kewaye ta da shinge. A 2002 wani ya sassare rassanta a ɓoye, amma ta sake tohowa. Labarin yana da daɗi, kuma direban ya iya ba da shi, sai dai bishiyar a bakin babbar hanya take, inda ba a tsayawa, saboda haka abin da muka gani bai wuce wani kore-kore da ya gifta ta taga ba. Waɗanda suka zauna a ɗaya gefen bas ɗin ko wannan ba su samu ba, ga shi an yi doguwar ratse daga hanyar gidan don a kai mu can. Da an ba da labarin a gindin wata bishiyar irinta, wadda gonakin Clare suke cike da su, da ya fi amfani.

Zango na biyu ya fi ma'ana. An kai mu wata gona inda ake da tsohuwar ganuwar ƙasa mai siffar zobe, ciyawa ta rufe ta, ƙayoyi sun tsiro a kanta, shanu suna kiwo a gefenta. Irin waɗannan ganuwoyi, da ake kira ráth ko lios, an ƙidaya fiye da 40,000 a tsibirin, kuma masu binciken kufai sun nuna cewa mafi yawansu gidajen manoma ne na tsakanin ƙarni na 6 zuwa na 10, an tayar da ganuwar ce don a kare shanu daga mahara da namun daji. Bayan an manta da waɗanda suka gina su, sai aka ce gidajen mutanen ɓoye ne, kuma manomin da zai yi huɗa ya gwammace ya kewaye su da garma ya yi asarar wani yanki na gonarsa da ya taɓa su. Direban ya yi wata magana da na yarda da ita: dokar kare wuraren tarihi ta 1930 ta zo ta tarar tsoro ya riga ya yi ɗaruruwan shekaru yana wannan aiki ba tare da albashi ba. A nan ne kuma ya bayyana mana cewa mutanen karkara ba sa kiran waɗannan halittu da sunansu kai tsaye, sai su ce na daoine maithe, wato mutanen kirki, ba don sun yarda da kirkinsu ba, sai don kada a ji ana ambaton su da abin da ba su so. Minti 15 kawai aka ba mu a wurin, ana ta duba agogo.

Daga nan muka nufi rijiyar Waliyyiya Brigid da ke kusa da Liscannor, ba nisa da tsaunukan gaɓar teku na Moher. Ruwan yana ɓuɓɓugowa a ƙarshen wani ɗan siririn lungu mai rufi, kuma bangonsa a cike yake da hotunan marasa lafiya da mamata, da carbin Kiristoci, da 'yan wasiƙu da mutane suka bari. Wannan wuri ba kufai ba ne, har yanzu ana zuwa ibada, kuma mun tarar da wata mata tana kewaya shi a hankali tana addu'a, tana bin hannun dama kamar tafiyar rana, domin kewayawa ta hagu a al'adar ƙasar hanyar jawo la'ana ce. Na yaba wa direban da ya ja mu gefe ya hana ɗaukar hoto har ta gama, kuma bai nemi kowa ya sha ruwan ko ya taɓa wani abu ba. Mai zuwa don ilimi zai iya tsayawa ya kalla ya wuce, babu mai matsa masa.

Gidan kansa farin gini ne dogo, ɗakuna a jere, kicin a tsakiya, da jinka mai kauri da ƙofa mai rabi biyu, wadda ake buɗe na sama don haske da iska a bar na ƙasa a rufe don kaji da yara. A kan dokin ƙofa da tagogi akwai busassun furanni masu ruwan ɗorawa, waɗanda dattijuwar ta ce ta watsa su ne a daren 30 ga Afrilu, jajibirin ranar da suke kira Bealtaine, don su tare duk wani mugun abu daga shigowa. Kafin mu shiga ta koya mana sallamar da baƙo yake yi, wadda ma'anarta ita ce Allah ya kiyaye duk wanda yake nan, kuma ta gargaɗe mu cewa ta ƙofar da mutum ya shiga ta nan zai fita, in ba haka ba ya tafi da sa'ar gidan. Wannan kalma, tafiya da sa'a, ita ce ta yi ta maimaituwa har yamma, kuma a hankali na gane cewa ita ce mabuɗin duk abin da aka nuna mana.

Murhun a ƙasa yake, a gindin wani faffaɗan bututun hayaƙi, da ƙarfe mai juyawa da ake rataya tukunya. Makamashin ba itace ba ne, baƙar ƙasar fadama ce da ake yankawa kamar tubali a shanya ta bushe, kuma tana ci a hankali da wani ƙamshi mai kama tufafi. Dattijuwar ta nuna mana yadda uwar gida take kwantar da wuta da dare: ta tattara garwashi, ta jera sababbin tubala, ta lulluɓe da toka tana addu'a, da asuba ta tone ta tarar da jan garwashi yana jira. A gidaje da yawa ana alfahari da cewa wutar ba ta mutu ba tun zamanin kakanni, kuma idan iyali za su koma sabon gida da garwashin tsohon murhu ake kunna na sabon. Mutuwar wuta alama ce ta mutuwar gida, kuma ba sai an yi dogon bayani ba a ƙasar da yunwar 1845 zuwa 1852 ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, ta kori wasu miliyan zuwa ƙetare, ta bar murahu masu sanyi a kowane ƙauye. A ranar 1 ga Mayu kuwa ba a ba maƙwabci garwashi, ba a ba shi gishiri ko madara, ba a fitar da toka, kuma kowa yana jinkirin hura wuta don kada hayaƙin gidansa ya riga na kowa tashi.

Wurin da wannan yawo ya fi ƙarfi, wanda kuma shi kaɗai ya isa dalilin zuwa, shi ne kaɗa madara. An kawo wata doguwar gangar katako mai murfi, da sanda mai faifai a ƙasanta wadda ake ɗagawa ana dannawa, aka zuba kirim ɗin da aka tara na kwanaki, aka ce mu fara. Aikin yana da wuya fiye da yadda ake zato, kuma kafin man ya fara haɗuwa kowannenmu ya karɓi sandar sau biyu. Dattijuwar ta ce a da duk wanda ya shigo ana kaɗawa, ko limamin coci ne ko ɗan sanda ko almajirin hanya, dole ne ya ce Allah ya sa albarka a aikin, ya kama sandar ya buga ko sau uku ne. Wanda ya ƙi, to ana zargin ya zo ɗauke man ne. Namiji ba ya kunna lofe a murhu ya fita da shi ana cikin kaɗawa, domin ya fita da wuta, wuta kuwa tana jan mai. Ana jefa ɗan gishiri a cikin gangar, ana sa garwashi ko ƙarfe a ƙarƙashinta, kuma idan an yi ta bugu man ya ƙi fitowa, sai a sa bakin garma a wuta ya yi ja, da imanin cewa wanda ya sace man zai ji zafin a jikinsa ya sheƙo da gudu.

Abin da ya burge ni shi ne ba ta tsaya a jero waɗannan abubuwa don a yi dariya ba. Ta bayyana cewa kirim yana ƙin haɗuwa idan ya yi sanyi da yawa ko ya yi ɗumi da yawa, ko gangar ba ta wanku ba, ko saniyar ta rame a ƙarshen hunturu, kuma matar da ba ta da ma'aunin zafi ba ta da hanyar gane wanne ne ya same ta. Abin da ta sani shi ne jiya man ya fito, yau bai fito ba, na maƙwabciyarta kuwa ya fito. Man shanu a lokacin ba abin marmari ba ne, shi ne kuɗin hayar gona da na shayi da na takalmin yara. Ana zuba shi a gangunan katako a kai kasuwar man shanu ta Cork, wadda a ƙarni na 19 babu kamarta a duniya, iyalin kuma su sha tsala da dankalin Turawa. Gidan da mansa ya ƙi fitowa makonni a jere yana iya rasa gonarsa. Daga nan ne aka sami labarin mutumin da yake fita da asubar 1 ga Mayu yana jan igiya a kan raɓar makiyayar maƙwabci don ya kwashe albarkar madararsa, da wanda yake riga kowa zuwa rijiya ya ɗebe ruwan sama-sama da niyya irin wannan.

Idan aka haɗa wannan da maganar ƙofa da ta garwashi, sai a ga cewa sa'a a wurin waɗannan mutane ba wata iska ba ce da take busowa ga wanda ta ga dama. Abu ce mai awo, kamar hatsi a rumbu, kuma ba ta da yawa, saboda haka duk wanda tasa ta ƙaru, ta wani ce ta ragu. Mafi yawan al'adun da aka nuna mana dabarun tsare wannan ɗan rabo ne daga zurarewa ta ƙofa, ta murhu, ta hannun baƙo. Littattafan yawon buɗe ido sukan nuna camfin Ayilan kamar wasan yara, amma wanda ya riƙe sandar nan har kafaɗarsa ta yi tsami, yana leƙen gangar ko man ya fara tasowa, zai gane cewa lissafin talaka ne. Dattijuwar ta ƙara da cewa ba wa'azi ne ya kashe camfin man shanu ba, masana'antun madara na haɗin gwiwa ne, waɗanda na farkonsu ya buɗe a Dromcollogher ta gundumar Limerick a 1889. Da manomi ya fara kai madararsa ana aunawa ana biyan sa, sai gangar ta koma lungu, zargin maƙwabta ya bi ta. Sauran kuma wutar lantarki ta ƙarasa su, bayan an kafa turken farko na shirin kai ta karkara a 1946.

Inda na ga gazawa ta gaske shi ne yadda aka so a tsallake ɓangaren da ba shi da daɗin ji. Ɗan ya ba da labarin tsohuwar da take rikiɗa ta zama zomo ta tsotse nonon shanu, maharbi ya raunata zomon, a bi jini har wata bukka a tarar da tsohuwa tana zubar da jini, kuma ya ba da shi cikin raha. Amma duk wanda ya saurara da kyau zai lura cewa wadda ake zargi kullum mace ce, tsohuwa, matalauciya, mai zaman kanta. Haka kuma kalmar piseog, wadda aka yi ta fassara mana da camfi kawai, tana nufin sammu ma: a binne ƙwai ko ruɓaɓɓen nama a gonar mutum ko cikin tarin ciyawarsa don arzikinsa ya ruɓe tare da su. Irin wannan zargi yana raba maƙwabta har jikoki. Da aka nuna mana awartakin murhu da ake gicciyawa a kan gadon jariri don kada mutanen ɓoye su sace shi su bar nasu a madadinsa, na tambayi ɗan dattijuwar labarin wata mata mai suna Bridget Cleary, sai ya ce wannan a wata gunduma aka yi, ya juya zance.

Uwar ce ta amsa, bayan mun koma gefe. Na ce mata, "Mama, ku da kuka tashi a cikin wannan, yaya kuke ganinsa?" Ta ce mahaifiyarta ba ta taɓa ba da labarin nan da dare ba. Abin da ya faru sananne ne: a watan Maris na 1895, a Ballyvadlea ta gundumar Tipperary, wata maɗinkiya mai suna Bridget Cleary ta kwanta rashin lafiya, mijinta Michael, mai ƙera gangunan katako, ya ƙudurta cewa an sauya masa mata, ya ƙona ta a gaban 'yan uwanta, sannan ya yi ta jira a wata tsohuwar ganuwa yana sa ran matarsa ta gaske za ta fito a kan farin doki. Kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 20. Dattijuwar ta ce yaran da ake cewa an sauya, yawancinsu marasa lafiya ne ko masu nakasa, kuma kowa a ƙauye ya san haka a ransa. Magana ce ta minti biyu, amma ta fi nauyi a kan duk abin da aka faɗa a cikin bas, kuma ban ga dalilin da zai sa sai wanda ya tambaya zai ji ta ba. Baƙin da suka biya kuɗi don su fahimci al'ada ba yara ba ne da za a ɓoye musu wuƙa.

Bayan man ya fito an wanke shi an sa gishiri, sai aka raba mana wata doguwar ciyawar fadama aka koya mana saƙa gicciyen Brigid, mai hannu huɗu da murabba'i a tsakiya. Asalinsa a daren 31 ga Janairu ake saƙa shi, a rataye a kan ƙofa ko a soke a cikin jinka don ya kare gida daga gobara da cuta, kuma da yake ana ƙara sabo kowace shekara, a wasu gidaje ana iya ƙirga shekarun ginin daga yawan gicciyen da hayaƙi ya baƙanta a rufi. A daren ne kuma ake barin wani ƙyalle a waje, brat Bríde, wanda ake ajiyewa shekara guda ana ɗaura wa mai ciwon kai ko ciwon maƙogwaro. Ranar 1 ga Fabrairu farkon bazara ce a tsohon lissafin ƙasar, kuma tun 2023 gwamnati ta ware ranar hutu da sunan Brigid, karo na farko da aka yi wa mace haka a Ayilan. Dattijuwar ba ta ɓoye cewa saƙa gicciyen a watan Mayu ba lokacinsa ba ne, don baƙi ake yi. Nawa ya fito a karkace, ta karɓa ta warware hannu ɗaya ta gyara ba ta ce komai ba.

Sauran al'adun shekara an bi ta kansu da sauri muna shan shayi: wutar daren 23 ga Yuni da ake ɗiban garwashinta a jefa a gona, zakaran da ake yankawa a daren 10 ga Nuwamba a yayyafa jininsa a dokin ƙofa da kusurwoyin gida, ƙofar da ake bari ba sakata a daren 2 ga Nuwamba da kujeru a bakin wuta don mamatan gida, kyandir a taga a jajibirin Kirsimeti, da burodin da ake bugawa a jikin ƙofa a daren sabuwar shekara don a kori yunwa. Kowanne daga cikinsu ya isa a zauna a kansa, amma an zuba su kamar ana karanta jerin kayan cefane, kuma na tabbata da lokacin da aka ɓata a hanyar Latoon aka ba su da sun samu sarari. Teburin dai ba shi da laifi. An kawo burodin gida mai ɗumi da man da muka kaɗa da hannunmu, da wani burodi mai zabibi da ake kira bairín breac, wanda a daren 31 ga Oktoba ake ɓoye zobe da tsabar kuɗi da tsumma a cikinsa, wanda ya ci karo da zobe aure, mai tsumma talauci. Wanda ba ya shan giya ya tambaya kafin ya ci, domin wasu gidaje suna jiƙa zabibin da barasa. A nan da shayi aka jiƙa.

Wani abin da ya kamata a gyara shi ne yadda ɗan yake cewa mutanen Ayilan suna yin kaza, alhali al'adun sun bambanta daga gunduma zuwa gunduma, wani lokaci daga ƙauye zuwa ƙauye. Ƙasar tana da abin da za a tantance da shi. Hukumar tattara al'adun gargajiya da aka kafa a 1935, ƙarƙashin Séamus Ó Duilearga, ta sa 'yan firamare fiye da 50,000 daga makarantu kusan 5,000 sun rubuto abin da suka ji daga iyaye da kakanni tsakanin 1937 da 1939, aka tara shafi kusan 740,000, waɗanda suke ajiye a Kwalejin Jami'a ta Dublin. Akwai na makarantun Clare a ciki, kuma da an karanto mana ko shafi ɗaya da wani yaron yankin ya rubuta da ya fi duk wata magana ta jimla. Wanda yake son ganin kayan da kansu, ganguna da gicciye iri-iri da kayan murhu, ya je gidan tarihin rayuwar karkara da ke Turlough Park kusa da Castlebar a gundumar Mayo, wanda aka buɗe a 2001, kuma shiga kyauta ne. Can akwai tsari da bayani, amma babu mai miƙa maka sandar kaɗawa.

A tsohon garken shanu na gidan an buɗe ɗan kanti, kuma shi ne abin da ya fi saɓa wa duk abin da aka yini ana koya mana. Rabinsa 'yan tsanan roba ne na ɗan wadan tatsuniyoyin Ayilan da ake kira leprechaun, mai koriyar hula da tukunyar zinariya, da maɓallai masu ganye huɗu, alhali ganyen da yake alamar ƙasar uku ne, shi kuma ɗan wadan a tsofaffin labarai baduku ne mai rowa wanda sau da yawa jar riga ake ba shi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya taɓa kwana a gidan jinka. A ɗaya kusurwar akwai gicciyen da dattijuwar ta saƙa da man shanu a naɗe a takarda, su ne suka cancanci kuɗin mutum, kuma su ne aka tura can baya.

Mai niyyar zuwa ya sa takalmin da ba ya jin ruwa, domin gonar ganuwar akwai taɓo, ya kuma riƙe rigar ruwa ko da gari ya waye da rana. Hayaƙin murhun yana da nauyi ga mai ciwon asma, ƙofar gajera ce, kuma Turancin ɗan yana da sauri da karin harshen Clare, saboda haka kujerar gaba ta fi. Ƙarshen Janairu, farkon Mayu da ƙarshen Oktoba su ne lokutan da abin da ake nunawa yake dacewa da abin da ake yi da gaske. Idan akwai damar a zaɓi zaman gidan kaɗai ba tare da yawon bas ba, shi zan ba da shawara, kuma a shirya tambayoyi don dattijuwar, domin abin da ta fi sani ba ya cikin jadawalin.

Da za mu tafi ta tsaya a ƙofar gaba, wadda muka shigo ta ita, tana miƙa wa kowa tsabar santi 20. Ta ce kuɗin sa'a ne, wanda mai sayarwa yake mayar wa mai saye bayan an gama ciniki don dabbar ta yi masa albarka, kuma har yau masu sayar da shanu da dawaki suna yi a kasuwanni irin ta Ballinasloe. Ta ce mahaifinta sai ya tofa wa tsabar yawu kafin ya miƙa, amma ita ta ɗauke mana wannan. Wani Bajamushe a cikinmu ya nufi ƙofar baya don ya ɗauko lemarsa da ya jingine a can, ta riƙo hannun rigarsa ta aiki ɗanta ya kewaya ta waje ya kawo masa.